Gyaran besin ɗin motar kwana a Apo, aikin ya yi amma sai ka tsaya a kai

Masu motar kwana, wato mai gado da banɗaki a ciki, irin ta Turai da ake shigowa da ita ta hannu, musamman wadda aka gina a kan Fiat Ducato, ku duba bayan besin ɗin banɗakinku don Allah. Irin besin ɗin nan ne da ake naɗe shi ya kwanta jikin bango, ba shi da rami a ƙasa kamar na gida, in ka gama wanke hannu ɗaga shi kake yi ruwan ya zube ta baya cikin wata 'yar makwarara, daga nan tiyo ya kai shi tankin ruwan datti da ke ƙarƙashin mota. Dabarar ta yi kyau don wurin ƙarami ne, matsalar ita ce hannu ba ya kaiwa makwararar nan, sabulu da man goge baki da gashi duk can suke taruwa, ga mu da alwala sau biyar, ga ƙurar hunturu tana shiga tana zama taɓo, in zafin Abuja na watan Maris ya bugi motar wlh warin ba ya bari ka zauna ciki.

Don a samu hanyar wanke makwararar, wani shago na kai motata a kasuwar makanikai ta Apo da ke Abuja, ba masu inji ba, ɓangaren masu aikin cikin mota. Abin da ya fara burge ni, dattijon mai shagon bai ɗauko guduma ba. Ya ɗaga besin ɗin ya sauke yana kallo, sannan ya ce min "Alhaji, wannan roba ce ba ƙarfe ba, kuma ta sha rana, in aka matsa mata tsagewa za ta yi, kuma ba za ka samu irinta a nan ba." Gaskiya ya faɗa, sai dai ka yi oda daga waje ka jira.

Ga abin da ya yi. Besin ɗin a kan 'yan ƙusoshi biyu yake juyawa, ɗaya dama ɗaya hagu. Sai ya kwance maƙalan da ƙusoshin ke shiga, ya sa magagari a hankali ya buɗe ramin kowanne zuwa sama ya zama kamar bakin ƙugiya, ya goge da samfefa, yanzu in ka ɗaga besin ɗin rabi ka ja sama sai ya fito gaba ɗaya a hannunka, ba sifana ba komai. Ya ƙara washa ta roba a kowane gefe, ya cire tsohon tiyon nan mai ƙunƙun da ke riƙe datti ya sa mai santsin ciki, ya kuma gyara masa gangara yadda ruwa ba zai kwanta ba. Wannan na tiyon ban ma tambaya ba, shi ya gani.

Inda ban ji daɗi ba, yaransa sun so su ɗaura da sukurori na ƙarfe zalla, wurin da kullum a jiƙe yake, damina ɗaya tsatsa ta cinye su. Sai da na je kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da kaina na sayo marasa tsatsa. Alƙawarin lokaci ma ba su cika ba, rashin wuta ne aka ce. Sannan da na hau hanyar Keffi zuwa Akwanga besin ɗin yana ɗan ƙara in an faɗa gargada, na koma ya liƙa masa 'yar roba a sama inda yake kullewa, bai karɓi ko sisi ba, ƙarar ta ɗauke.

Kuɗin aikin bai kai ko kusa da na sabon besin ba, amma ku yi ciniki kafin a kwance komai. Wanki kuma ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori sun isa, kar a sa fetur ko tina ta tsinka fenti, suna cin irin wannan robar, soson ƙarfe ma yana karce ta datti ya samu wurin maƙalewa. In akwai yara a motar a nuna musu kar su ja shi sama yana rabin buɗe, don yanzu fitowa yake yi.