Ɗakin nas na wata kilinik a Aboabo: ciwon hanji da wanda giya ta kayar

Ƙaramar kilinik ce mai zaman kanta a Aboabo, Kumasi, tana aiki dare da rana, tana kuma karɓar katin inshorar lafiya na NHIS. Aikin nas ɗinta a kan matsaloli biyu muka duba.

A ɓangaren ciwon hanji mai yawan tashi, wanda likitoci ke kira IBS, sun cancanci yabo. Nas ba ta gaggawar cewa "olsa ce". Takan tambaya ko ciwon cikin na zuwa aƙalla sau ɗaya a mako cikin wata uku da suka wuce, ko ya kai wata shida da farawa, ko yana da alaƙa da shiga bayan gida, ko kuma yawan kashin da kamanninsa sun sauya. Ma'aunin gane IBS ke nan, wanda ake kira Rome IV, na 2016. Akwai hoton Bristol mai nau'in kashi bakwai a bango, mai jin nauyin faɗa sai ya nuna da yatsa. Suna sa mutum ya rubuta abin da ya ci na mako biyu, domin wake, albasa, madara da yajin shito da ake zuba wa waakye sukan tayar wa wasu da kumburin ciki. Abin da ya fi burge mu: da zarar an ambaci jini a kashi, rama, zazzaɓi, zawon da ke tayar da mutum cikin dare, ko ciwon ya fara bayan shekara 50, sai su daina zancen IBS su haɗa mutum da likita. Awon kashi ma ba sa tsallake shi, kuma daidai ne, don atini da tsutsar ciki suna kama da wannan ciwo.

Gyaran yana ɓangaren dare, idan aka kawo wanda ya sha giyar gargajiya ta akpeteshie ya wuce kima. Suna kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, suna ƙirga numfashi, sun san ƙasa da 8 a minti ɗaya hatsari ne. Amma tsinken awon sukari yakan ƙare musu, alhali shi ne awon da ba a jinkirtawa. Giya tana hana hanta sakin sukari, musamman ga wanda ya sha cikinsa ba komai. Idan sukarin jini ya sauka ƙasa da 3.9 mmol/L, ana buƙatar gulukos nan take, tare da bitamin B1 ga wanda ya daɗe yana sha. Sannan ba a yawan komawa a duba shi, ga shi giyar da ke ciki tana ci gaba da shiga jini bayan an daina sha. Ya kamata a sake awon farkawarsa duk minti 15 zuwa 30, a laluba kansa ko ya bugu da ya faɗi, a tambaye shi ko ganinsa ya dusashe, don alamar gubar metanol ce, wadda kan gauraya da irin wannan giya.

A zango 'yan uwa sukan ɓoye maganar giya saboda kunya. Nas ɗin nan sukan ja babban wa gefe su tambaya a hankali ba tare da wa'azi ba, kuma gaskiya takan fito.

Mai ciwon hanji ya je da safe, zai samu kulawa. Wanda kuwa an girgiza shi bai farka ba, a kira 112 a wuce da shi asibitin Komfo Anokye kai tsaye.