Hunturu uku da injin ruwan motarmu mai ɗakin kwana

Ƙaramin inji ne, bai fi takalmin babban mutum girma ba, yana ɓoye a ƙarƙashin gado kusa da tanki. Shi ke tura ruwa zuwa famfon kicin, shawa da banɗaki. Da batir mai volt 12 yake aiki, yana ba da kimanin lita 11 a minti, kuma idan matsin ruwa a bututu ya kai PSI 55 (PSI ma'aunin matsi ne) sai ya tsaya da kansa. Ka buɗe famfo ya tashi, ka rufe ya yi shiru.

Sau biyu na ɗauko sukundireba da niyyar cire shi in jefar. Duka biyun na dawo ina ba shi haƙuri.

Na farko cikin dare ne. Kowa ya kwanta, famfo duk a rufe, amma bayan 'yan mintuna sai ka ji "burr" na daƙiƙa biyu, ya yi tsit, can ya sake. Uwargida ta ce, "Malam, ko dai ka kashe abin nan ko ni in koma kujerar direba." Na kashe makunnin. Da safe na bi bututu da busasshen tsumma, gaɓa bayan gaɓa, sai ga danshi a bayan masai. Wani mahaɗi ne ya saki, yana ɗiga kaɗan-kaɗan, matsi na sauka, injin kuma na tashi ya cike gurbin. Ashe ƙara yake kawo mini, ni kuwa ina zaginsa. Da ban sami yoyo ba, abin da zan duba na gaba shi ne bawul ɗin cikinsa da ke hana ruwa komawa tanki, don ɗan yashi na iya hana shi rufewa sosai.

Na biyun ya fi ƙona mini rai. Bayan hunturun farko na cika tanki na kunna, inji ya yi ta gudu ba tsayawa, famfo kuwa sai tari da tofi, iska ta fi ruwa yawa. Fis lafiya, batir a cike. Na kusa awa guda kafin in haska tocila a kan matatar da ke bakin shigar ruwa, wani ɗan kofin roba garai-garai mai rariya a ciki. Tsaga ce siririya kamar gashi, ta nan yake zuƙar iska.

Rabin laifin nawa ne. Da sanyi ya gabato, don in fitar da ruwan ciki, na busa bututu da kwamfaresa, wato injin hura iska, a PSI 30 ta bakin da ake jona mesar ruwan waje, na ɗauka na gama. Ban san iskar ba ta ratsa injin ba, bawul ɗin nan yana tare ta. Ruwa ya kwanta a kofin, kuma ruwa idan ya zama ƙanƙara yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Ɗaya rabin kuwa na masu ƙera shi ne. Robar kofin ba ta da kauri, takardar bayanin da ta zo da shi kuma layi biyu kacal ta yi a kan sanyi.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina zubar da ruwan tanki da na hita, wato tukunyar dumama ruwa, in bar injin ya ɗan yi gudu har famfo ya daina kawowa, in kwance kofin in zazzage shi. Sai in juya bawul ɗin da ke kewaye hita, in ba haka ba galan 6 na ruwan hana daskarewa zai tafi cikinta a banza. Daga nan in tsoma mesar da injin ke zuƙar ruwa da ita a jarkar ruwan hana daskarewa, mai launin ruwan hoda, wanda aka yi domin bututun ruwan sha. Kada wani ya kuskura ya zuba irin na lagireto, wannan guba ne. Ina buɗe famfo ɗaya bayan ɗaya, na sanyi da na zafi, har launin ya fito, da shawa da masai. Galan 2 yana isa ta.

Ƙara fa injin yana da ita. Da farko har bangon katako yake girgizawa, sai da na sa guntun mesa mai laushi a bakunansa biyu na sassauta sukurorin ƙafafunsa na roba sannan aka samu sauƙi. Idan an buɗe famfo kaɗan kuma yana kawo ruwa yana tsinkewa, wanda ke damun mai wanka.

In ya mutu gobe irinsa zan sake saya. Amma zan haɗa da kofin matata na biyu, kamar wanda ke cikin aljihun tebur ɗin kicin yanzu, tare da fis da zoben roba.