Kiwon tsutsa har ta zama malam buɗe littafi: wacce za ku ɗauko wa yara, cikin me za ku sa ta

Salama alaikum iyaye 'yan uwana na Yamai. Hutun bana ɗiyana sun yi kiwon tsutsa har ta fashe ta zama malam buɗe littafi, tun ran nan maƙwabta ke ta tambayata wai ina ake saye, nawa ne. To abin saye kaɗan ne gaskiya, ni dai shawarata ku fara duba iccen da ke gidanku ko bakin ƙofarku kafin ku fidda ko dala, don kowace tsutsa da ganyen da take ci, in ba shi kuka ba ta ba sai ta ƙi ci har ta mutu.

Akwai wanda ake talla a intanet, na Amurka da Ingila, ɗan kofin roba da tsutsotsi a ciki da abincinsu an riga an dama, sai keji na raga. A hoto kam ya yi kyau, amma abu mai rai ne, kafin ya iso nan cikin zafinmu ya lalace, kuma yaro bai ga ganye ba bai ga inda ta fito ba. Kejin kaɗai in wani zai taho muku da shi ba laifi, yana naɗewa kuma ana wanke shi.

Namu na gida, wadda na fi so wa ƙananan yara ita ce ta lemun tsami. Tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take sak, baƙi da fari, in ba ku lura ba sai ku wuce ta, sannan ta saɓe ta koma koriya mai kauri, in aka taɓa ta sai ta fiddo wasu 'yan ƙaho biyu masu wari, ba ta cizo, tsoratarwa ce kawai. Malam buɗe littafinta babba ne baƙi da ɗigon ruwan ɗorawa. Sai dai tana da ci, in lemunku ƙaramin dashe ne ku tsaya kan biyu ko uku, kuma kar ku tsinko ganye daga garkar da ake feshi.

Ta tumfafiya ta fi sauƙin samu, kowane kango akwai ta kuma ganyen ba ya yankewa ko da rani. Mai zane ce baƙi da fari da ruwan ɗorawa, wajen sati biyu tana ci sai ta rataye kai ƙasa ta ƙunshe kanta cikin wani ɗan kwanso kore ko mai ɗan ja-ja da ɗigo kamar zinariya, wallahi ranar da ƙaramata ta gan shi ta ɗauka ɗan kunne ne. Sati guda zuwa kwana 10 sai ya fito, ruwan goro da baƙin baki da ɗigon fari. Amma nonon tumfafiya mugun abu ne ga ido, babba ne zai tsinko ganyen ya wanke hannu da sabulu, shi ya sa ban ba da shawararta ga gidan da ke da masu rarrafe.

Ta tafasa da rai ɗore koriya ce, ita ke ba da farare ɗin nan da ke taruwa bakin taɓo, sai da damina ake samunta sosai kuma ganyen na saurin yaushi. Mai gashi kar yaro ya taɓa, ƙaiƙayi gare ta. Ta masara da ta zangarniyar hatsi kuma cikin ƙasa suke shiga, malam buɗe littafi na dare ne ke fitowa, yara ba za su ga komai ba.

Wajen mazubi, kwalbar mayonez kyauta ce kuma ana gani tas, amma tana gumi, kashin ya yi funfuna, ga ƙunci lokacin buɗe fiffike. Kwali na shan iska sai dai ba ya wankuwa. Ni bokitin roba mai haske na saya a kasuwar Katako na ɗaure bakinsa da yadin raga na wajen tela, na jingina 'yan kara a ciki don ta samu wurin ratayewa, ya ishe mu. Mai son abin da zai daɗe, misali malaman lekol, kafinta zai haɗa ƙaramin akwati da wayar taga.

Don Allah kar ku yanko sangen sauro wanda ake rabawa ku rufe da shi, magani gare shi, mu haka muka rasa na farkonmu guda huɗu dare ɗaya, yarinyar ta yi kuka sosai. Haka ɗakin da ake fesa maganin sauro ko ƙona shi. Ku aje a inuwa, ku ɗora bokitin cikin faranti mai ruwa saboda tururuwa, sabon ganye kullum a zubar da kashin. Ranar da malam buɗe littafin ya fito fiffiken a jiƙe yake a tattare, a bar shi 'yan awowi ya bushe kar a taɓa, sannan yaran su kai bokitin gindin iccen da aka ɗauko shi su kwance ragar.