Zanen mutanen San a duwatsu: wane kogo ya cancanci kuɗinka da guminka?

Wanda ya tara kuɗin jirgi har Afirka ta Kudu don ya ga zanen da mutanen San, mafarautan da suka daɗe da zama a kudancin Afirka, suka bari a jikin duwatsu ba zai gama zagaye su ba ko da wata guda zai yi. A tsaunukan Drakensberg kaɗai, waɗanda Zulu ke kira uKhahlamba, akwai koguna da rumfunan dutse wajen 600 masu ɗauke da zane sama da 35,000, kuma tun shekarar 2000 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Kaɗan daga ciki aka buɗe wa baƙi, su ma ba a shiga sai da ɗan rakiya mai izini. Zaɓin da ke gaban yawancin mutane bai wuce uku ba: Main Caves, Game Pass da Battle Cave. Ƙafarka ce za ta raba maka gardama, ba hoton da 'yan yawon buɗe ido suka liƙa a intanet ba.

Main Caves na gandun Giant's Castle shi ne mai sauƙi. Daga masaukin baƙi tafiyar ba ta kai awa guda ba, hanya ce shararriya a gefen rafi, sai ɗan hawa a ƙarshe. Zane wajen 500 ne a wurin, an kewaye shi da shinge, an yi dandamalin katako, ɗan rakiya na jira a ƙofa yana shigar da mutane rukuni-rukuni daga safe zuwa yamma. Idan da yara kake tafe, ko da dattijo mai ciwon gwiwa, kada ka wahalar da kanka, nan za ka. Aibinsa shi ne da yawa daga cikin zanen sun kode, sai an nuna maka da yatsa kafin ka gane mutum ne ko dabba, kuma ranar hutu mutane kan yi yawa, kana cikin kallo a ce a matsa gaba.

Ni dai da za a ce in zaɓi guda ɗaya tak, Game Pass na gandun Kamberg zan ɗauka. Tafiyar zuwa da dawowa kan ci kamar awa uku, kuma rabin ƙarshe na hawan yana sa mutum ya riƙe ƙugu yana haki, don wurin yana da tudu sosai, iska ba ta cika huhu kamar a gida. Amma da ka iso ƙarƙashin rumfar dutsen ka ɗaga kai, gajiyar ta tafi. Ga garken wata ƙatuwar dabbar daji mai kama da gwanki, wadda Zulu ke kira impofu, an zana ta da ja da fari, launin yana narkewa daga baya zuwa ciki kamar jiya aka shafa. Jan ƙasa suka niƙa, da farar laka da gawayi, suka kwaɓa da kitse ko jinin dabba. A gefe guda akwai wata impofu da ke gargarar mutuwa: kai a sunkuye, gashin jiki a tashe, ƙafafun baya a harɗe. Wani mutum na riƙe da wutsiyarta, shi ma ƙafafunsa a harɗe, kuma idan ka ƙura ido za ka ga kofato ne da shi a maimakon tafin ƙafa. Wannan zanen ne wani masanin zanen duwatsu, David Lewis-Williams, ya kafa hujja da shi cewa ba labarin farauta kawai San ke zanawa ba, suna nuna bokansu ne a lokacin rawar warkarwa, sa'ad da yake fita hayyacinsa ya ɗauki ƙarfin dabbar. Wanda ya san bori ba zai sha wuyar gane zancen ba, ko da yake kowanne da asalinsa. Akwai ƙaramar cibiyar bayani a ƙasa kafin a fara hawa. Ka tsaya a can tukuna, in ba haka ba za ka isa sama ka ga shanu kawai.

Battle Cave na yankin sansanin Injisuthi kuwa na masu ƙarfin ƙafa ne. Yini guda zai ci maka, ana tsallake rafi, hanyar mota zuwa sansanin ma ba ta da daɗi, kuma sai ka nemi ɗan rakiya tun kafin ranar. Ladan wahalar shi ne zane ɗaruruwa, ciki har da wanda ya ba kogon suna: ƙungiyoyi biyu sun kaure da baka da kibiya, wasu na gudu, wasu na ƙoƙarin raba faɗa. Ga kuma shiru, don da wuya ka tarar da wasu baƙi. Idan rabonka da tafiyar kilomita goma a ƙafa ya yi shekaru, bar shi sai wani zuwan.

Wanda jirginsa zai sauka Cape Town yana da wata hanyar daban. A duwatsun Cederberg, kusa da garin Clanwilliam, akwai hanyar Sevilla mai tsawon kamar kilomita 5, kusan duk a shimfiɗe. Ka biya kuɗin izini ka bi da kanka, ba ɗan rakiya dole. Ta fi araha da 'yanci, sai dai zanen ƙanana ne kuma ba su da wannan haɗin launi na Drakensberg. Tsodilo na Botswana, mai zane sama da 4,500, da Matobo na kudu da Bulawayo a Zimbabwe, wurare ne na gaske, amma kowannensu tafiya ce mai zaman kanta da bizarta, ba abin da za ka ɗora a kan wannan ba ne.

Sai maganar lokaci, inda mutanenmu suka fi yin kuskure. Yanayinsu kishiyar namu ne. Daga Nuwamba zuwa Maris damina ce a Drakensberg, hadari kan taso bayan azahar da tsawa mai kisa a kan tudu, don haka hawan safe ake yi. Yuni zuwa Agusta sanyi ne wanda hunturun Jos bai kama ƙafarsa ba, har ƙanƙara na sauka a ƙololuwa. Afrilu da Mayu sun fi: ciyawa na da sauran kore, sama a washe.

Ka yi hattara da masu sayar da tafiyar yini ɗaya daga Durban. Na taɓa biyan wani irin wannan, muka kwashe kusan awa uku a mota, muka isa rana ta take, aka ce lokacin hawa Game Pass ya wuce, aka kai mu wani wuri na kusa muka yi minti ashirin aka juyo da mu. Kafin ka ba kowa kuɗi, tambaye shi sunan kogon a rubuce, ƙarfe nawa za a fara hawa, kuma ko kuɗin ya haɗa da na shiga gandu da na ɗan rakiya, don daban-daban ake biyansu. Ya fi maka ka ɗauki hayar mota ka kwana a masaukin hukumar gandun daji ta Ezemvelo, ka wayi gari a gindin dutsen. Ka yi guzurin abincin halal tun daga Durban ko Pietermaritzburg, inda yake a wadace, don a can sama ba ka da tabbas. Mai fasfo ɗin Najeriya kuma ya tanadi biza da katin rigakafin shawara kafin ya sayi tikiti.

A jaka ka sa ruwa lita biyu, rigar ruwa, hula, da takalmi mai kama ƙasa wanda ka riga ka saba da shi. Ka rubuta sunanka a littafin masu hawa a ofishin gandu kafin ka tashi, ka soke idan ka dawo. A cikin kogon ba a taɓa zane, ba a yayyafa masa ruwa don hoto ya fito, kuma a ja ƙafa a hankali, ƙurar da ta tashi a jikin zanen take sauka.