Ramin bututun tururi a silin: filasta ko zoben ƙarfe?

Malam, ka ce a gidan da kake haya a Bronx ta birnin New York filastar da ke kewaye da bututun ɗumama ɗaki ta zube, rami ya buɗe a silin, ƙura na sauka, har kana jin hirar mutanen sama. Kana so ka san wanne ya fi: ka liƙe ramin da filasta, ko ka cusa ulun dutse (abu mai kama da auduga da ake yi da narkakken dutse) ka rufe da zoben ƙarfe mai zagaye bututun.

Abin da zai raba gardamar shi ne bututun nan motsi yake yi. Tururin da ke tasowa daga tukunyar da ke ƙarƙashin bene zafinsa ya ɗan haura digiri 100, ƙarfe kuwa in ya ɗau zafi haka yakan miƙe da kusan milimita 1 a kowace mita. A bene mai hawa shida, tsawon bututun na iya ƙaruwa da fiye da santimita 1, ya huce ya koma, sau da yawa a yini. Haka zai yi ta yi daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, lokacin da dokar birnin New York ta wajabta wa masu gidaje ba da ɗumi.

Filasta ta fi araha, ranar farko kuma ta fi kyan gani: silin sumul, fenti ɗaya. Amma in ta kama jikin bututu kam, shi yana ja, ita ba ta da ba-ni-wuri. Sai ka fara ganin siririyar tsaga ta zagaye shi, sannan gari-gari a ƙasa, wani lokaci har da ƙas-ƙas cikin dare in tururi ya taso. Wataƙila ma aikin da aka yi a baya ke nan ya zube maka. Filastar da ake sayarwa a kwaɓe cikin bokiti ta fi muni a rami mai zurfi, don takan shanye ta tsage in ta bushe.

Hanya ta biyu ta bar wa bututun sarari. Ulun dutse, irin na Rockwool, ba ya cin wuta, yana rage ƙara da hayaƙin girkin maƙwabta, kuma bututu na zamewa a cikinsa ba tare da ya fasa komai ba. Ka cusa shi sosai, ka bi bakin da jan man liƙin nan na tare gobara. Zoben kuwa rabewa biyu yake, ka rungumo bututun da shi ka maƙale, ba sai an kwance komai ba. Auna kaurin bututun kafin ka je shago. Aibin zoben, ana ganinsa, mai araha yakan sulluɓo ƙasa, kuma ba zai ɓoye ramin da ya fi shi faɗi ba. In ɓera ke biyowa ta nan, ƙara ragar tagulla. Soson ƙarfe tsatsa yake yi.

Ni na biyun zan zaɓa. In ramin babba ne sai ka haɗa su: naɗe bututun da kwali yana sanyi, gyara gefen silin da filastar gari da raga, ta bushe ka zare kwalin, ratar da ta rage ita ce ta ulu da zobe. Kumfar gwangwani kam kyale ta, tana cin wuta.

Kafin ka taɓa komai, duba ko akwai tabon ruwa ja-ja-ja a wurin. In akwai, galibi radiyetar sama, wato ƙarfen da ke ɗumama ɗakinsu, ce ke yoyo, kuma kowane gyara ka yi zai jiƙe. In ka hango farin abu mai garin alli naɗe da bututun cikin ramin, kada ka kankare, yana iya zama asbestos, abin da shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu. Fentin gidajen da aka gina kafin 1960 kuma ana ɗaukarsa mai dalma ne, balle in kana da yaro ƙasa da shekara 6. Gyaran silin haƙƙin mai gida ne: ɗauki hoto, aika wa mai kula da benen a rubuce, in ya yi biris ka kira 311, lambar kai koke ga hukumar birnin.