Wata shida da na'urar karatu mai allon e-ink, da irin wadda nake so a ƙera

Yau kusan wata shida kenan ina amfani da ƴar na'urar karanta littattafai ɗin nan mai allon e-ink, ƴar inci 6, kuma gaskiya tunda ta zo hannuna na daina karatu a waya kwata-kwata. Allon nata ba irin na waya bane da yake watso maka haske a ido, wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a ciki, lantarki ke tura su sama ko ƙasa su zama rubutu, shi yasa ko a tsakiyar rana kana ganin rubutun tar kamar a takarda. Kuma allon baya cin wuta sai lokacin da ka juya shafi, ni dai caji ɗaya yana kai ni sati uku idan na kashe wifi na rage fitilar da ke haska allon.

Amma abin da ya fi kwanta min a rai shirunta ne wallahi. Ba saƙo ba kira, ba wani bidiyo da zai ja ka, ka zauna da niyyar karanta shafi goma sai ka ga ka ci hamsin baka sani ba. Ga ƙara girman rubutu yadda kake so, wanda idonsa ya fara rauni zai ji daɗin wannan sosai.

Inda take bani haushi kuwa PDF ne. Littafin EPUB, wato wani irin fayil na littattafai, lafiya lau yake zama daidai da allon, amma PDF shafinsa a kafe yake, sai rubutun ya koma ƙanana kamar tururuwa, kana zuƙowa kana ja gefe da gefe ita kuma tana nawa, har karatun ya fita daga ranka. Sannan babu maɓallin juya shafi ko ɗaya, komai sai ka taɓa allo, kana kwance hannunka ya ɗan goga kawai ta tsallake maka shafi biyu. Ga shagon sayen littafi da suka kafa a shafin farko, ni kuma littattafaina nake so in fara gani in na kunna.

Shi yasa nake yawan tunanin wadda zan so a ƙera. Ba wani sabon abu nake nema ba fa, kamfanin Sony sun fitar da na'urar karatu mai suna Librie a Japan tun 2004 da batir ƴan ƙanana da kake cirewa ka sa wasu, na'urar Kindle ta farko ta 2007 ma tana da maɓallan juya shafi da wurin sa memori. To a dawo da waɗannan mana. Maɓalli biyu a gefe daidai babban yatsa, wurin memori, batirin da mutum zai iya canjawa da kansa idan ya mutu ba sai ya jefar da na'urar gaba ɗaya ba, ka jona ta da kwamfuta ka zuba littattafanka ba tare da buɗe wani akawun ba, ta buɗe kowane irin fayil, ta shiga aljihu. Allon ma a ɗan ƙara shi zuwa inci 7 saboda PDF ɗin nan.

Wadda ke hannuna dai zan ba ta huɗu cikin biyar, kuma duk mai karanta labarai da dogayen littattafai ina bashi shawara ya nema. Idan kuwa PDF na makaranta ne yawancin karatunka, ka nemi mai babban allo.