A tsaya a tiyata ko a ƙara da gashi?

Hajiya, Allah Ya ba Baba lafiya. Kin ce an cire masa ƙari a kumatu, sakamako ya nuna dajin fata ne mai suna Merkel a matakin farko. Likita ya ce a ƙara da gashi, wato gasa wurin da wutar na'ura (radiotherapy), ke kuma kina tambaya: tunda an cire duka, wahalar ta mece ce?

Tsayawa a tiyata kawai, a riƙa zuwa ana dubawa, hanya ce da likitoci ke yarda da ita, amma da sharuɗɗa. Ƙarin bai kai santimita 1 ba, an yanke shi da isasshen nama lafiyayye a kewaye, bai shiga kaluluwa ba, garkuwar jikin mara lafiya kuma ba ta yi rauni ba. Ribarta a fili take, babu zirga-zirga, babu ƙunar fata. Sai dai wannan daji ba ya jira. Yawancin dawowarsa cikin shekara 2 zuwa 3 na farko ne.

Gashi kuwa aikinsa kashe 'yan ƙwayoyin da ido bai gani ba, wuƙa ba ta kai gare su ba, kuma Merkel yana cikin dajin da ke jin gashi sosai. Kwana 5 ake yi a mako, tsawon mako 5 zuwa 6, kowane zama 'yan mintuna. Fatar wurin za ta yi duhu ta yi zafi, gemu na iya zubewa a gefen, ga kasala. Zafin Sakkwato kuma ba ya ragawa irin wannan fata, sai da rawani ko laima. Wuta ba ta biyo shi gida, ya ɗauki jikokinsa yadda ya saba. Gashi na rage dawowar ciwon a wurin da aka yanka. Ko yana ƙara tsawon rai, wannan masana na ta muhawara.

Ni dai a kumatu na fi karkata ga gashi, domin fuska ba ta da naman da za a yanka da faɗi. Ki karɓi takardar gwajin ƙarin, ki kai sashen gashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ki tambaya: gefen yankan ya fita tas? An gwada kaluluwar wuya? In daga Illela ko Tambuwal za ku riƙa zuwa, ku nemi masauki a gari tun yanzu, don ana so a fara da zarar ɗinki ya warke.